Yadda na sa wa fankar rufin tirelarmu makunnin juyi

Wanda ya sayi tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka a Amurka, wato ɗan gidan da ake ja da mota, sau da yawa zai tarar da fanka a rufinta, cikin wata kafa mai faɗin inci 14 ta kowane ɓangare, da murfin roba da ake ɗagawa da hannun murzawa. Tamu irin mai arha ce, aikinta ɗaya: ta zuƙe iskar ciki ta fitar waje. Lokacin girki wannan ya yi daidai, hayaƙin suya da ƙamshin daddawa duk su bi ta sama su tafi. Da dare ne matsalar take. A lokacin zafi a jihar Carolina ta Arewa, jikin tirela yakan sha rana tun safe, sai ka fita waje bayan isha'i ka ji sanyi-sanyi, ka dawo ciki ka tarar da gumi na jiranka. Fankar tana saitin gadon yara, uwargida kuwa abin da take so shi ne iskar waje ta riƙa sauko musu kai tsaye. Akwai fankokin da ke zuwa da juyi tun daga kamfani, irin su MaxxFan da wasu samfuran Fan-Tastic, amma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, kuma sai an kankare tsohon gam ɗin rufi an sake liƙe sabo. Rufin da bai taɓa yoyo ba, ban ga dalilin tsokanar sa ba. Na rubuta wannan ne don wanda yake son ya bar fankarsa yadda take, ya ƙara mata makunni kawai.

Wurin farko da na nufa shi ne shagon masu gyaran irin waɗannan tireloli da ke wajen garin Greensboro. Na yi waya aka ce in turo hoto, na tura, aka ce sai an ga tirelar da ido. Na ɗaura ta a bayan mota na kai. Lokacin kowa yake shirin fita yawo, filin shagon cike yake da tireloli, wasu ma da ƙura a jikinsu saboda daɗewa a layi. Matar da ke kan tebur ta ba ni takarda na cike sunana da lambar tirela da abin da nake so, na zauna ina kallon agogo har wani ma'aikaci ya fito yana goge hannu. Ya leƙa ciki, ya ɗaga kai ya dubi fankar, bai ko taɓa ta ba ya ce su ba sa yi wa kayan lantarki kwaskwarima, sai dai su cire su sa sabuwa. Kuɗin aiki ya haura dala 100 a kowace awa, ban da kuɗin fanka, kuma sai in bar musu tirelar na makonni kafin layi ya zo kaina. Ban ji haushinsa ba, don na fahimci suna gudun a ce aikinsu ne ya jawo gobara. Amma na dawo gida jiki a sanyaye, ga mai na ƙona, ga rabin yini ya tafi.

Daga nan na koma kan takardu. Wanda ya sayar mini da tirelar ya haɗo ni da wata jakar roba cike da littattafan bayani da tsofaffin rasit, ban taɓa buɗe ta ba sai ranar. Na sami littafin fankar, da zanen wayoyinta a shafin baya, na kuma hau kujera na ɗauki hoton tambarin da ke manne a jikin firam, mai lambar samfur da adadin wutar da take ja, wato volt 12, amp bai kai 3 ba. Na aika wa kamfanin saƙo ina tambaya ko injin yana juyawa baya. Amsar ta ɗan jima kafin ta zo, kuma gajeriya ce: ba sa ba da shawarar a canja komai, kuma duk wanda ya canja ya rasa garanti. Garantin da ya ƙare tun kafin in san akwai tirelar. Abin da ya amfane ni a jakar nan shi ne wani rasit na ɗan fanel, wato ƙaramin allon lantarki mai rage wa fanka gudu. Ashe tsohon mai ita ya cire makunnin asali mai hawa uku ya sa na zamani, wanda ake murzawa a hankali. Ke nan zanen da ke littafin bai dace da abin da ke cikin rufina ba. Wanda duk ya sayi tirela a hannun wani ya sa wannan a ransa.

A masallacin da muke Juma'a akwai wani dattijo mutumin Nijar, gyaran wutar mota ne sana'arsa tun yana gida. Bayan salla na tare shi muka gaisa, na nuna masa hotunan. Ya riƙe wayar nesa da idonsa ya ce, "Ɗana, kafin ka sayi ko allura, ka fara sanin ko injin nan yana yarda ya juya." Na ce, "Baba, ai na ɗauka kowace fanka in an juya mata waya za ta koma baya." Ya ce a'a. Injin da ke da gawayi, wato 'yan burushin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, da maganaɗisu a ciki, mai waya biyu kacal, shi ne in ka musanya masa fositif da negetif yake sauya hanya. Irin na fankar kwamfuta kuwa, marar gawayi, akwai fanel a cikin cikinsa, in ka juya masa wuta ko dai ya ƙi tashi ko ya ƙone. Ya ce zai leƙo ranar Asabar, kada in taɓa komai.

Ya zo da 'yar jakarsa da ƙaramin batir. Muka cire ragar sauro da ke ƙasan fankar, muka kwance firam ɗin roba da ke rufe bakin kafar, wayoyi suka leƙo. Ya zare wayoyin injin biyu daga jikin fanel, ya jona su da batirinsa ta waya mai fis a tsakiya. Fanka ta tashi. Ya cire, ya jira ta tsaya cak, ya musanya su, ta tashi ta ɗaya ɓangaren. Sannan ya ɗauko mita ya ɗora tsinke ɗaya a kan wayar injin, ɗaya a kan gangar jikinsa ta ƙarfe, mita ba ta yi ƙara ba. Ya ce wannan gwajin shi ne mutane ke mantawa: akwai injinan da negetif ɗinsu a haɗe yake da gangar jiki, in ka juya wa irinsu wuta alhali suna ɗaure da ƙarfen mota, ka haɗa fositif da bodi ke nan, fis zai tafi nan take in ka yi sa'a. Namu lafiya lau.

Sai ya nuna mini fanel ɗin da ɗan yatsa, kuma nan ne gaba ɗaya aikin yake. Wurin ɗaura waya huɗu ne a jikinsa, biyu na shigar wuta, biyu na fita zuwa inji. Ya ce makunnin juyi a tsakanin fanel da inji yake zama, ba a tsakanin fanel da wutar tirela ba. Inji bai damu da ta ina wuta ta shigo masa ba, amma fanel ya damu ƙwarai, in fositif ya shiga ta ƙofar negetif kayan cikinsa ƙonewa suke yi. Na ga mutane da yawa suna nuna aikin nan ta hanyar yanke wayoyi biyu da suka sauko daga rufi su sa makunni a wurin. A fankar da ba ta da komai sai inji da makunni, hakan zai yi. A wadda ke da fanel, ko na'urar auna zafi ta lantarki, ko fitila irin ta zamani, ko injin ɗaga murfi, asara za a yi. Ya ƙara da cewa wayoyin injin duka biyu ne za su bi ta makunnin, kada in yi dabarar ɗaure ɗaya da bodi, domin irin wannan fanel ɗin sau da yawa ta ɓangaren negetif yake sarrafa gudu.

Neman makunnin ya fi komai cin lokaci. Abin da ake so shi ne mai ƙafa shida, layi biyu kowanne ƙafa uku, wanda ake rubuta wa DPDT a jikin leda, kuma mai tsayuwa uku: sama, tsakiya, ƙasa, tsakiyar ita ce kashewa. A babban shagon kayan gini na tarar da makunnai birjik, amma yawancinsu adadin wutar gida kawai aka rubuta musu. Baba ya riga ya gaya mini in nemi wanda aka rubuta masa adadin wutar batir, saboda wutar batir ta fi ta gida cin bakin makunni, tartsatsinta ba ya saurin mutuwa idan aka raba ƙarfe da ƙarfe. A shagon kayan mota yaron da ke kan kanta ya miƙo mini mai ƙafa uku, ya ce shi ma yana da sama da tsakiya da ƙasa. Gaskiyarsa, amma waya ɗaya kawai yake iya juyawa, mu kuwa biyu muke son juyawa lokaci guda. Da na ce mai shida nake so ya kawo wani, na danna shi na saki sai ya koma tsakiya da kansa. Wannan irin na gilashin mota ne, da za a sa shi sai mutum ya kwana yana riƙe da shi. A jikin leda ana gane shi da baka biyu da ake sa wa kalmar kunnawa. A ƙarshe a shagon kayan jirgin ruwa na samu, mai ɗaukar amp 15 a volt 12, kuɗinsa bai kai dala 15 ba. Na haɗa da 'yar waya mai kauri lamba 16, mai silili da yawa a ciki, ba irin sandararriyar nan ta bangon gida ba, wadda girgizar hanya ke karyawa. Na sayi kawunan waya masu shuɗiyar roba, su ne daidai da lamba 16 da 14, da wasu masu baki biyu don ƙafafun da za su ɗauki waya biyu, da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, da fis na ajiya. Duka-duka ban kashe dala 35 ba.

Ranar aikin, kafin komai muka kashe wuta, kuma a tirela wannan ba abu ɗaya ba ne. Akwai igiyar da ke jone da wutar gida, wadda ke shiga na'urar da ke mayar da volt 120 zuwa 12. Akwai batir a gaban tirela. Mai sola a rufi yana da ta uku. In ka cire batir ka bar igiya, fanka tana da wuta, haka in ka cire igiya ka bar batir. Amma kafin mu cire, Baba ya ce in auna wayoyin da suka sauko daga rufi, baƙa da fara. Ya tambaye ni wacce ce negetif, na ce baƙar mana, kowa ya san a mota ja fositif ne, baƙi negetif. Ya yi murmushi ya ce in ɗora mita. Na sa jan tsinke a kan farar, baƙin tsinke a kan baƙar, sai ga 13.6 da 'yar alamar ragi a gabanta. A yawancin tirelolin Amurka baƙar waya ce fositif, fara ce negetif, tsarin launin wayar gida suka bi. Wasu kuma ja da baƙi suke sawa, wani lokaci a tirela ɗaya ka tarar da duka biyun. Na naɗa jan salatif a kan baƙar don kada ido ya yaudare ni daga baya, na ɗauki hoton komai yadda yake, sannan muka zare igiya, muka kwance negetif ɗin batir, muka sake aunawa mita ta nuna sifiri.

Haɗin makunnin a kan teburin cin abinci muka yi shi, a zaune, domin aiki da hannu sama a ƙarƙashin rufi ba ya barin mutum ya yi tunani. Ka kifa makunnin ƙafafunsa suna kallonka: biyu a sama, biyu a tsakiya, biyu a ƙasa. Ka yanko gajerun wayoyi biyu. Ta farko ta tashi daga ƙafar sama ta hagu ta sauka a ƙafar ƙasa ta dama. Ta biyu daga ƙafar sama ta dama zuwa ƙafar ƙasa ta hagu. Sun gitta juna ke nan a bayan makunni, kuma dole kowacce ta kasance da rigarta ta roba, kada tagulla ta leƙo a inda suka haɗu. Wayoyi biyu da suka fito daga fanel su hau ƙafafun tsakiya. Wayoyi biyu na inji su hau ƙafafun sama, tare da gajerun nan, a nan ne masu baki biyu ke amfani. Idan tsakiya ta haɗu da sama, wuta ta tafi inji kai tsaye. Idan ta haɗu da ƙasa, sai ta bi ta gicciyen, abin da ya shigo ta hagu ya isa dama, na dama ya isa hagu, inji ya juya baya. Wasu suna sa inji a tsakiya, wuta a gefe, sakamakon ɗaya ne. Ni na matse kawunan da filayar matsewa, Baba yana bin kowanne yana fizga da ƙarfi. Ɗaya ya zare a hannunsa, ya ajiye mini shi a gabana bai ce komai ba, na sake. Ya hana ni amfani da hular roba da ake murɗa wayoyin gida da ita, ya ce ba a yi ta don abin da ke hawa titi ba.

Kafin mu kai shi sama muka gwada da mita. A tsakiya, babu ƙafar da ke magana da tsakiya. A kowane gefe, ƙafar tsakiya ta hagu tana haɗuwa da ɗaya daga ƙafafun inji, ta dama da ɗayar, kuma tsakiyar hagu da tsakiyar dama ba sa haɗuwa da juna ko kaɗan. In mita ta yi ƙara tsakanin waɗannan biyun kafin a jona inji, akwai kuskure a gicciyen. Hujin kuma muka yi shi a kusurwar firam ɗin fankar, inda babu komai a bayansa, faɗin rabin inci. Na fara da siririn bakin huji na bi da babba, saboda tsohuwar robar da ta sha rana tsagewa take yi. Abin lura shi ne zurfi. Makunni da kawunan wayarsa suna buƙatar wuri a baya, kuma kada su kusanci fuka-fukan fanka ko hannun ɗaga murfi. Muka ɗaure wayoyin a gefe da igiyar roba, na juya fankar da hannu don in tabbata ba ta gogar komai.

Da muka mayar da batir na murza fanel a hankali, gabana yana ɗan faɗuwa. Ta tashi. Baba ya yago takardar goge hannu ya ɗaga kusa da raga, ta manne. Muka kai makunni tsakiya, muka jira fuka-fukan suka tsaya, muka tura ɗaya gefen, takardar ta faɗo masa a fuska. Yara suka kwashe da dariya. Sai dai gefen da na so ya zama na fitar da iska shi ne ya zama na shigowa, domin a yawancin makunnai masu sanda, in ka tura sandar gefe ɗaya ƙafafun ɗaya gefen ne suke haɗuwa. Wannan ba ya buƙatar taɓa waya, mun sassauta noti muka juya makunnin gaba ɗaya muka ɗaure. Na rubuta "shiga" da "fita" a farin salatif na manna. Na yi wa Baba tayin kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in dai uwargida ta yi dambu a aiko masa.

Fitarmu ta farko bayan aikin zuwa tsaunukan Blue Ridge ce, can ne na koyi sauran. Iskar da fankar ke shigowa da ita ba ta kai wadda take fitarwa ba, kuma ƙararta ta ɗan fi. Fuka-fukan an lanƙwasa su ne don hanya ɗaya, juya su baya kamar ɗibar miya ne da bayan ludayi. Duk da haka ta wadatar, yara sun yi barci har da jan bargo da asuba. Sai an buɗe taga ɗaya kaɗan a can ƙarshen tirela, in ba haka ba iskar ba ta da inda za ta bi ta fita, fanka ta yi ta kuka a banza. Washegari babban ɗana ya tura makunnin daga wannan gefe zuwa wancan tana tsaka da gudu, ta yi wata irin gurnani ta mutu. Injin da ke gudu aka ce ya koma baya nan take yana jan wuta ninkin abin da ya saba. Fis ɗin jikin fankar ne ya tafi, Allah ya sa fanel bai taɓu ba, na sa na ajiya mai lamba ɗaya da na da. Kada a ce za a sa mafi girma don kada ya sake ƙonewa, waya ce za ta ɗauki zafin a madadinsa, kuma tana cikin rufi inda ba a gani. Yanzu doka ce a tirelar: tsakiya, a jira ta tsaya, sannan gaba.

Akwai abubuwa biyu da babu wanda ya faɗa mini, kuma da na sani da na hau tsani na duba rufin tun farko. Na ɗaya, bututun da ke fitar da warin tankin bayi a rufi yake buɗewa. Fankar da ke fitarwa ba ruwanta da shi, amma mai shigowa, in tana kusa da shi kuma iska ta kaɗo ta wajen, har gado za ta kawo maka abin da ke cikin tankin. Tamu tana da ɗan nisa da shi, sai jefi-jefi muke ji, amma wanda fankarsa ke cikin bayi, dab da bututun, gara ya bar ta yadda take. Na biyu ya fi haɗari. A sansanin da maƙwabci ya kunna janareta, ko kai ka kunna naka, ko ana ƙona gawayi kusa, ba a sa fanka ta shigo da iska. Gubar hayaƙin nan ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Na sauya batirin na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar, na duba shekarar da aka rubuta a bayanta, na tarar wa'adinta ya wuce, na sayi sabuwa.

Ragar sauro ma yanzu ta bayanta take tara datti, ƙura da ƙananan ƙwari da furen bishiya, sai an cire an wanke a kai a kai, in ba haka ba ranar da ka juya fanka duk a kan shimfiɗa za su zube. In hadari ya haɗu kuma ana rufe murfi da wuri, domin mai shigo da iska har yayyafi take jawowa. Fuka-fukan namu a kan sandar inji aka danna su kawai, babu noti, shi ya sa duk lokacin da na cire ragar nakan sa hannu in tura su sama in ji ko sun fara sassautawa.